Bappan da Ya Auna Jininmu Kamar na Shanu

Bappa ya rasu ranar Talata da hantsi, a wani asibiti a Jimeta, ya haura shekara tamanin. Daga Allah muke, kuma gare shi shi ma ya koma. Yayan mahaifina ne, shi ya sa muke ce masa Bappa, kuma tun da mahaifina ya rasu shi ne babba a zuriyarmu. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Maza suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa na Rumde, mu mata muka zauna a tsakar gida.

Na sha zuwa zaman makoki, amma ban taɓa ganin wanda idanu suka bushe kamar wannan ba. Maƙwabta suna shigowa, su durƙusa, su ce, "Allah ya jiƙansa, mutum ne mai faɗin gaskiya," sai su yi shiru. Kowa a wurin ya san abin da shirun yake nufi. Wata tsohuwa da suka yi shekara arba'in katanga ɗaya ta ce, "Bai taɓa cin abincin gidana bai tambayi inda na ɗebo ruwa ba." Ba yabo take yi ba. Wani dillalin shanu da ya zo daga Ngurore ya aiko a gaya mana cewa marigayi ya sha hana shi ciniki, amma ya yafe. Sai da ya tabbatar an kawo mana saƙon har da maganar cinikin.

Goggo, ƙanwarsa, ta iso daga Yola bayan an tafi da gawa. Da gangan ta makara, na sani. Ta ƙi shiga ɗakinsa. Ta sa aka kai mata tabarma gindin mangwaro kusa da ƙofa, ta zauna ta ba ɗakin baya. Wanda ya fara yi mata gaisuwa ta amsa masa da amin. Sauran duk da kai ta amsa.

Mutum ɗaya ce ta yi kuka na gaske, matar marigayi Hamma, ɗan Goggo. Tana bakin madafa tana kuka har numfashinta yana sarƙewa. Matan danginmu suna harararta. Na ji wata tana cewa, "Mu da muke jininsa mun yi shiru, bare ce za ta cika mana kunne."

Ni ma ban yi kuka ba. Shekara goma na yi ba na gaishe shi. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, da yamma na ji wata 'yar uwarmu tana naɗe tabarma tana cewa a hankali, "An huta." Na san nan da shekara ba wanda zai ƙara ambatonsa, in kuma an ambace shi za a ce dattijo ne mai gaskiya a wuce. Ba na so a manta da shi. Ba na kuma so a wanke shi.

Malamin dabbobi ne. Ya yi fiye da shekara talatin yana bin rugage a kan babur yana yi wa shanu allurar rigakafi, ranar kasuwa kuma yana Ngurore yana duba waɗanda za a sayar. A can ya samo abin da ya zama masifarmu. Ya ce ya lura garken da mai shi ya ƙi shigo da baƙon bijimi, ya bar uba yana hawan 'ya'yansa da jikokinsa don kada launin shanunsa ya ɓaci, shi ne garken da ciwon huhu yake sharewa gaba ɗaya in ya shigo. Garken da aka gauraya kuwa, wasu su faɗi, wasu su tashi. Wannan makiyaya da yawa sun sani. Da a nan ya tsaya da babu wanda zai ƙi shi.

Bai tsaya ba. Ya ce har hali ma daga nan yake fitowa. A cewarsa, saniyar da jikinta yake da ƙarfin yaƙi da cuta ita ce take gaba a hanya, ta sha ruwa a kowane tafki, ta kutsa cikin baƙon garke. Wadda jikinta ya san ba shi da wannan ƙarfi ita ce mai tsoro, mai ƙyanƙyami, kullum tana liƙe da 'yan uwanta. Sai ya ɗauko wannan ya ɗora a kan mutane. Ya raba mu gida biyu, masu fita da masu ɓuya. Masu fita su ne masu tafiye-tafiye, masu cin abinci a gidan kowa, masu auren bare, masu shiga abu ba lissafi. Masu ɓuya kuma su ne mu.

"Wannan abin da kuke kira asali," in ji shi a gaban manya ranar wani suna, "tsoron cuta ne kawai. Jikinku ya san ba zai iya da baƙo ba, sai kuka sa wa tsoron suna mai daɗi."

Danginmu mutanen Yola ne na dauri, malamai da alƙalai, kuma auren zumunci shi ne abin da muka gada. Ɗan wa ya auri 'yar ƙane, 'ya'yansu su sake haɗuwa. Mutumin da zai faɗi wannan magana a irin gidanmu ya san abin da yake yi.

Muna yara tsoron zuwansa muke yi. Ba ya ba yaro alewa, ba ya tambayar karatu. Sai ya kama haɓarka, ya ja fatar idonka ƙasa, ya ɗaga leɓenka ya duba dasashi, kamar yadda yake yi wa maraƙi. Sannan ya juya ga uwarka ya ce, "Sau nawa ya yi zazzaɓi da daminar nan?" In an faɗa masa sai ya ce, "Hm," ya sake ka. Ni ya taɓa ce wa mahaifiyata a kaina, ina tsaye ina ji, "Wannan mai ɓuya ce, amma za ta rayu." Shekarata bakwai. Na daɗe ina zaton wani ciwo ne ke gare ni.

Sai da na girma mahaifiyata ta gaya min inda zafin nan ya samo asali. 'Yar ƙanen mahaifinsa aka aura masa, kuma iyayensu mata ma 'yan uwa ne. Sun haihu biyar. Babu wanda ya kai shekara uku. Tari da zazzaɓin da 'ya'yan maƙwabta suke yi su warke cikin mako, su shi yake ɗauke su. Ranar da aka binne na biyar, tsofaffin gida suna ba shi haƙuri, sai ya dube su ya ce, "Ku kuka haɗa auren nan, ku za ku amsa." Bai ƙara aure ba, bai kuma saki matarsa ba, sun zauna su biyu a gidan nan mai ɗakuna shida har ta rasu. Da na ji wannan na tausaya masa. Tausayin bai daɗe ba, domin ba da jimawa ba hannunsa ya iso kaina.

Ina da shekara ashirin da huɗu, ina gab da gama karatun aikin gwajin jini, muka daidaita da Hamma. Ba wanda ya haɗa mu. Tare muka tashi, ya girme ni da shekara biyar, kuma tun ban san sunan abin ba nake son sa. Goggo ta yi murna, mahaifiyata ta yi murna. Saura waliyyi, shi ne Bappa.

Aka taru a zaurensa. Ni ina daga soron ciki inda nake jin komai. Bai ɗaga murya ba. Ya fara kiran sunayen yaran da suka mutu a zuriyarmu tun daga kan kakanninmu, ɗaya bayan ɗaya, da sunan uwa da na uba da yadda suke da juna. Ya daɗe yana kira. Nasa biyar ya sa su a ƙarshe.

Goggo ta katse shi. "Hamma," haka take kiransa da Fillanci don yayanta ne, ba ɗanta take nufi ba, "mutuwa ta Allah ce. Kai ne za ka hana ta?"

"Ciwon huhu ma na Allah ne," in ji shi. "Amma da ya shiga garken mijinki ni kika aika a kira, ba ki zauna kin ce na Allah ne ba."

"'Ya'yanmu ba shanu ba ne."

"Shanu sun fi su sa'a. Su akwai mai duba musu."

Goggo ta tashi ta fita ba sallama.

Washegari na je da kaina, da takardar gwaji a hannu. Na durƙusa na ce, "Bappa, mun yi gwaji. Ni da shi duk ba mu ɗauke da sikila."

Ko karɓar takardar bai yi ba. "Sikila ƙofa ɗaya ce. Nawa ma ba sikila ce ta kashe su ba."

"To mene ne ya kashe su?"

"Ban san sunansa ba. Ke kike makaranta, ki nemo."

"In ba ka san sunansa ba, don me za ka hana ni a kansa?"

Ya ce, "Na fi so ki tsane ni da in raka ki makabarta sau biyar. Ki tashi ki tafi."

Da Hamma ya so, da an samu wani ya ɗaura auren. Amma ya ce ba zai fara zama da ni da tsinuwar babban gida ba. Ya tattara kayansa ya koma Mubi ya buɗe shagon yadi. Bayan shekara biyu ya auri wata 'yar mutanen kan dutse na wajen can, danginta rabi Kirista rabi Musulmi. Goggo ta ƙi zuwa bikin. Bappa kuwa, da ba ya zuwa bikin kowa, ya hau mota ya je, ya kwana biyu, ya dawo yana gaya wa kowa cewa yaron nan ya yi abin da ya fi ƙarfin hankalin danginsa. A gabana ya faɗa. Bai ko lura ina wurin ba, ko kuma ya lura.

Ni ma daga baya na yi aure, da wani abokin aikina, jikan fataken da suka zo daga Kano. Bappa ya ba da ni cikin minti biyar. Mijina mutumin kirki ne, ba ni da abin da zan ce a kansa. Mun haifi uku, duk lafiyayyu. Kowane suna Bappa zai zo ya ɗaga leɓen jariri, sannan ya ɗago ya dube ni. Na fi jin haushin wannan kallo fiye da duk maganganunsa.

Ya ce in nemo, na kuwa nemo. A karatunmu an koya mana cewa akwai wasu ƙwayoyin gado da suke koya wa garkuwar jiki gane cuta. Mutum yana samun rabi daga uwa, rabi daga uba. In na uwa da na uba sun bambanta, jiki yakan gane nau'in cututtuka da yawa. In kusan iri ɗaya ne, abin da zai iya ganewa ya ragu. Al'ummar da take da ire-irensu da yawa kuma, da wuya annoba ɗaya ta kwashe ta duka. Da na karanta wannan sai da na rufe littafin, don muryar Bappa nake ji a ciki.

Amma akwai sauran bayani, shi na ɗauka na kai masa don in yi faɗa. Na ce masa auren zumunci yana ƙara haɗari, gaskiya ne, amma ba hukunci ba ne, mafi yawan 'ya'yan irin wannan aure lafiya suke tashi. Na ce ruwan sha da abinci da rigakafi sun fi kashewa da rayawa fiye da abin da yake lissafawa, kuma nasa biyar ɗin ba wanda ya isa ya rantse a kan abin da ya kashe su. Maganar hali kuwa, na ce, akwai masu binciken da suke hasashen alaƙa tsakanin waɗannan ƙwayoyi da wanda mutum yake sha'awa, ko yawan shiga jama'a, ko tsoron baƙo, amma su kansu ba su daidaita ba, gardama suke yi har yau. Babu mai hankalin da zai dubi dasashin yarinya ya gaya mata halinta.

Ya saurara har na gama. Sai ya ce, "Wato akwai abin. Har suna gare shi."

"Bappa, ba ka ji sauran ba?"

"Na ji. Saura ne."

Haka yake. In ka kawo masa magana sai ya zare abin da ya yi masa ya watsar da ragowar a gabanka.

Sai shekarar da 'yan bindiga suka ci garuruwan arewacin jihar nan, har da Mubi. Duk wanda yake Jimeta a lokacin yana tuna yadda mutane suka riƙa shigowa a ƙafa da a bayan manyan motoci, ƙafafu a kumbure, wasu ba ko takalmi. Hamma ya fitar da matarsa da 'ya'yansa biyu ta hanyar duwatsu tare da danginta. Shi ya koma ya ɗauko wani tsoho maƙwabcinsa da ba ya iya tafiya. A hanyar fita aka tare su. Wanda ya ga gawarsa ne ya kawo mana labari bayan kwana tara. Ba mu samu mun binne shi ba.

A gidan Goggo a Yola aka yi zaman makoki. Rana ta biyu Bappa ya shigo cikin gida yi mata gaisuwa. Tana ganinsa ta miƙe.

"Kai ka kore shi. Da ka ba shi yarinyar nan da yana nan Jimeta yana numfashi."

Mutum ko dutse ne zai sunkuyar da kai ya bar uwa ta faɗi abin da za ta faɗa. Bappa bai sunkuyar ba. Ya ce, "Ban kore shi ba. Mai fita ne. Irinsu ba sa zama wuri ɗaya, kuma ba sa gudu in ana gudu. Ko na ba shi ita da ya tafi."

Ina zaune kusa da ƙafar Goggo. Na san a ransa yabo yake yi, wataƙila ma mafi girman yabon da ya iya. Amma ya ɗauki mutumin da ya koma cikin wuta don tsoho, ya mai da shi misali a cikin lissafinsa, a gaban uwarsa, a gabana. Kuma da kalma ɗaya ya gaya min cewa ni ban isa in riƙe shi ba. Goggo ta nuna masa ƙofa. Tun daga ranar na daina gaishe shi.

Dole in faɗi abin da ya biyo baya, ko da yake ba ya yi min daɗin faɗa. Matar Hamma ta iso Jimeta da 'ya'yanta da mutum goma sha tara na danginta, yawanci mata da yara. Goggo ta ce a kawo mata jikokinta, sauran su nemi sansani. Ba ita kaɗai ba, duk danginmu haka suka ce. Ana tsoron baƙi a lokacin, ana cewa ba a san wanda ya shigo da su ba, ana cewa cuta suke ɗauke da ita. Bappa ya hau keke mai ƙafa uku ya je tashar mota ya kwaso su duka. Gidan nan da ya yi shekaru shiru ya cika. Ranar Lahadi wasu su tafi coci, wasu su yi alwala a bakin rijiya, shi ko a jikinsa. Da maƙwabta suka turo masa dattawa, ya ce musu, "Ku koma ku ɓuya, shi kuka iya."

Tsoron maƙwabtan bai zama banza ba. Cikin mako uku ƙyanda ta ɓulla a gidan. Bappa ya yi abin da ya sani. Ya share tsohon ɗakin ajiya ya ware masu ciwo, ya hana kowa shiga sai shi da iyayensu mata, ya raba kwanuka da moɗa. Ya je ofishin lafiya ya zauna a ƙofa ya ƙi tashi har aka haɗa shi da masu rigakafi. Da hannunsa yake goge wa yara jiki da ruwan ɗumi, yana ɗura musu kunu da cokali. Yaro ɗaya ya mutu, ɗan ƙanwar matar Hamma. Shi ya ɗauke shi ya bi su har inda suka binne shi bisa addininsu. An daɗe ana zaginsa a kan wannan a unguwa.

Ya aiko min cewa ana bukatar mai ɗibar jini. Na je a matsayin ma'aikaciya, na wuce shi a zaure ban ce masa uffan ba. Ina cikin aiki sai na jiyo shi a bayan ɗaki ya tsare wata tsohuwa da tambaya: wannan yarinyar da ta warke da wuri, uwarta da ubanta 'yan gari ɗaya ne? Wanda ya mutu fa, iyayensa 'yan uwa ne? Kwana biyu da binne yaron. Na fito sanye da safar hannu na ce, ban ko kira shi Bappa ba, "Ko yanzu ma ba za ka bari ba?"

Ya ce, "Yanzu ne ake gani."

Na koma ciki. Matar Hamma tana riƙe da ɗanta, ta ji mu. Hausarta irin ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji. Ta ce min, "Adda, ka bar shi. Baba yana tambaya da yawa, gaskiya ne. Amma shi ya wanke yarona. Mutanenku ba su tambaye mu komai ba, kuma ba su buɗe ƙofa ba."

Ita ce matar da ta samu abin da aka hana ni, kuma gaskiya ta faɗa.

Da abubuwa suka lafa danginta suka koma gida. Ita ta zauna da 'ya'yanta, ita ta riƙe shi har tsufansa. Ya sa yaran a makaranta, yana kai su gaishe da Goggo duk Sallah, ya tsaya a waje cikin rana har su fito, don ba a ba shi izinin shiga ba. Bai taɓa neman izinin ba.

Kwana huɗu kafin ya rasu ya sa aka kira ni. A asibitin da nake aiki aka kwantar da shi, na san yana nan tun ranar da aka kawo shi, ina bi ta wata hanya don kada in wuce ɗakin. Na je da azahar. Ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito. Na tsaya a ƙarshen gado. Na ɗauka gafara zai nema, kuma ina ta shirya abin da zan ce.

Ya miƙo hannu ya ce, "Ɗebi jinina ki duba min abin nan. Ina so in sani kafin in tafi."

"Ba a yin wannan gwajin a nan, Bappa."

"A ina ake yi?"

"Nesa. Kuma ko an yi ba zai gaya maka abin da kake so ba. Ba zai gaya maka dalilin mutuwar 'ya'yanka ba."

Ya janye hannun. Sai ya ce, "To ke a ganinki, na yi daidai ko ban yi ba?"

Shekara ashirin ina jiran wannan tambaya. Na ce, "A kan jini ka kusa gaskiya. A kan mutane ba ka san komai ba. Hamma ba jini ne ya mai da shi ba, tausayi ne. Ni kuma ba mai ɓuya ba ce, kai ka rufe ni."

Na zaci zai yi fushi, ko ya yi kuka. Sai ya ce, "'Ya'yanki uku suna raye."

"Da ka ba shi ni, wataƙila waɗanda zan haifa masa ma suna raye."

"Wataƙila," in ji shi. "Ni ban iya wataƙila ba. Na gwada ta sau biyar."

Ya rufe ido. Na gyara masa robar ƙarin ruwan da ta lanƙwashe na koma bakin aikina. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Bai nemi gafara ba, ni ma ban ba shi ba.

Ranar sadakar uku, bayan an watse, na ɗauki Goggo a mota zan mai da ita Yola. Muka yi nisa. Sai ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Kin yafe masa?"

Na ce, "Ina ƙoƙari, Goggo."

"Ni na yafe."

Na juyo na dube ta, har na kusa hawa gefen titi.

"Ki kalli hanya," ta ce. "Ba don shi ba. In ban yafe ba, ranar hisabi za a tsayar da mu wuri ɗaya a yi mana shari'a. Zai buɗe baki ya fara bayani, kuma na san shi, ba zai gaji ba. Na ji ya ishe ni a duniya."

Ta gyara mayafinta ta ci gaba da jan carbi. Sai da muka shiga Yola na ga fuskarta a jiƙe take, ba ta kuma share ba.

Ni ban kai inda Goggo ta kai ba tukuna. Abin da zan iya yau shi ne in roƙa masa abin da na kasa ba shi. Allah ka san abin da ya ɗauke mana da abin da ya ba waɗanda muka rufe wa ƙofa, kai ne mai auna su. Ka yi masa da sauƙin da bai yi mana ba, ka haɗa shi da 'ya'yansa biyar. Ni kuma ka ba ni lokaci.